Matar da Ake Zagi a Madadin Banki

Kafin mai gadi ya buɗe ƙofar banki, ita ta riga ta zauna. Teburinta na can lungu ƙarƙashin matattakala, inda sanyin na'ura ba ya kaiwa. Waya ce a kai, da wata kwamfuta mai nauyin jiki, da gorar ruwa. Ma'aikata na kiranta Anti, masu ajiya kuwa matar ƙorafi. Ba mai zuwa wurinta da fara'a. Wanda na'ura ta haɗiye wa kati, da wanda aka cire wa kuɗi bai san hawa ba bai san sauka ba, da wanda 'yan damfara suka yashe, duk ita ake nuna musu.

Laifin ba nata ba ne, fuskarta ce dai a kusa. Mai gadi ya ce ya sha jin an zagi iyayenta da ke kabari. Ran nan ma wani ɗan kasuwa ya tofa mata yawu a fuska a gaban jama'a. Ta goge da hankici, ta ce ya zauna ya faɗa mata daga farko. Aka ce a kira 'yan sanda, ta hana, ta ce matarsa ce kwance a asibiti, likita na jiran kuɗinsa da suka maƙale a bankin.

Amma abin da abokan aikinta ba sa mantawa shi ne maganar wani tsohon direban motar kashe gobara. An tsayar masa da fansho saboda kwamfuta ta nuna ya mutu. Ya zo yana dogara sanda, ya zauna a gabanta.

"'Yata, dube ni da kyau," in ji shi. "Na yi miki kama da gawa?"

"Baba, ni dai na gan ka. Saura in sa su ma su gan ka."

Ta rubuta wa hedikwata, ta buga waya har aka gane muryarta aka daina ɗauka. Ana nan sai aka ce masu bincike na tafe. Manaja ya kira ta ofis, ya ce ta rubuta an warware matsalar, in sun tafi ta sake buɗewa.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "in na rubuta haka, da wane ido zan kalle shi gobe?"

A shekarar ba a ƙara mata girma ba, haka ta gaba. Waɗanda ta koya wa aiki suka zama shugabanninta. Ranar da hedikwata ta amince tsohon yana raye kuwa, an riga an binne shi. Ita ta je ta yi wa matarsa ta'aziyya, ta dawo ta ɗaura sabon yaƙi: tabbatar musu cewa yanzu kam ya mutu. Sai da ta ga haƙƙinsa ya shiga hannun matar sannan ta rufe maganar.

Ke ce garkuwar da ba a yi wa godiya, Anti. Ke ce kika sha ɗacin da wasu suka dama.

Ba a banza ta sha ba. 'Yarta ta ce in ta dawo gida, ko waya ta yi ƙara sai ta zabura. Hawan jini ya kama ta, hannun hagu ya fara ƙin ɗaguwa, likita ya ce ta zaɓa, ko aikin ko ranta. Ta ajiye. Bankin bai ɗauki wani a gurbinta ba, lambar waya aka liƙa a bango, in ka kira wata murya ta ce ka danna ɗaya.

Da 'yar ta tambaye ta me take so ta yi da hutunta, cewa ta yi: "Ina so in wuni ban ce wa kowa ya yi haƙuri ba."

Mun gode, Anti. Allah ya ba ki lafiya, ya biya ki da abin da albashi bai biya ba. Ku da kuke zaune a irin kujerarta, ku kalli fuskar mai kuka kafin ku kalli kwamfuta, kada ku rubuta an warware abin da ba a warware ba. Mu kuma da muka ɗaga miki murya ba da haƙƙinki ba, yau layi ya zo kanmu. Ki yi haƙuri.