Shari'ar Jar Laima

Ranar wata Alhamis ce, watan bakwai na manoma ya shige ko ɗigo bai sauka ba, a shekarar da haƙorana biyu na gaba suka fita. Da hantsi motar Tawa ta sauke Kawu Illa a Barmu, ya ƙaraso ƙauyenmu a ƙafa, jakin wani na ɗauke da akwatinsa. Ƙanen mahaifiyata ne. Shekara uku ya yi yana bida, wato neman kuɗi, a Abijan, ya dawo da baƙin tabarau da agogo da wata irin tafiya ta wanda ya manta da ƙaya. A tsakar gidanmu ya buɗe akwatin. Inna ta samu turmin zane, Baba hula, Kaka Shatu, uwar Babana, ƙullin goro. Sannan ya zaro wani abu mai kama da sanda, ya ce in matso. Ya danna wani ɗan ƙarfe, abin ya yi fat! Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Laima ce, ja wur, 'yar ƙarama daidai kaina, da hoton agwagi a jere a bakinta. Ya damƙa mini ita hannu da hannu, a gaban baligai uku. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin nan gaba za a yi kamar ba a yi ba.

Ni ba mai zurfin ilimi ba ne. Shekara huɗu na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, uku daga ciki a benci ɗaya, har mushe, wato malaminmu, ya fara gaishe ni kamar abokin aiki. Amma ko da wannan ɗan karatun na san cewa abin da aka ba ka naka ne. A gidanmu ne kawai wannan doka ba ta ci ba.

Gaskiya lokacin bai yi wa laima daɗi ba. An yi binne a busasshiyar ƙasa, ɓeraye da zabi sun tone iri. Rumbunmu sai an zura ni ciki da ƙwarya nake kankaro hatsi, furar rana kuwa kana hango fuskarka a cikinta. An fita roƙon ruwa har sau biyu, an raba mana gumba sadaka, mun cinye, sama ta yi tsit. A irin wannan hali Kawu ya shigo da abin tare ruwa.

Kafin azahar gida ya rabu huɗu. Kaka ta ce, "Mutane na roƙon baƙo, kai ka kawo ma yaro ƙyauren da za a ruhe mishi." A wajenta ruwan fari da kai tsirara ake tarbarsa, ba a gudu ɗaki, ba a ko nuna hadari da yatsa. Ta ƙara da cewa jan ƙyalle aradu yake ja. To jama'a, ko dai laimar tana korar hadari ko tana jawo shi, a zaɓi ɗaya mana! Kaka ta riƙe duka biyun, ba wanda ya ce mata kanzil. Shi Baba ba camfi ya dame shi ba. Damuwarsa ita ce laima ta sarakuna ce, mai garinmu kansa da malafa yake shiga rana, to yaya ɗan talaka mai giɓi zai bi ta ƙofarsa da inuwa a hannu? Sai dai kyautar suruki ce, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Inna a zuciyarta ta san abin bai dace da yaro ba, na ji ta da kunnena tana faɗa wa maƙwabciya a bakin turmi. Amma tunda daga ɗakinsu kyautar ta fito, sai ta tsaya tsayin daka. Shawararta ita ce a kulle laimar a adaka har in girma, wato har kaina ya fi ƙarfinta. Kawu kuwa ya gyara tabarau ya ce a Abijan kowane yaro yana da irinta, don can ruwa yakan kwana bakwai bai tsagaita ba. Da ya yi shiru da ya fi, domin gaya wa mai jiran ɗigo labarin ruwan kwana bakwai zagi ne.

Mai laimar kam, ba a tambaye shi komai ba.

Da yake manya sun kasa daidaitawa, laima ta kwana tara a hannuna, kuma ban taɓa mulki irin na kwanakin nan ba. Da ita nake kora awaki rijiya, da ita nake kai wa Baba fura gona ta cikin duwatsu, rabin furar a ƙasa saboda hannu ɗaya ya tafi aikin sarauta. Yara suka bar langa suka bi ni a baya, wani yana kaɗa gwangwani, wani yana share mini hanya da karan dawa. Na naɗa waziri, na tuɓe shi a yini ɗaya don ya taɓa agwagwa da hannun miya. Jakin liman ya gan ni ya zubar da tuluna biyu, na yarda, wannan laifina ne, ko da yake jakin dama ba shi da natsuwa. Abu ɗaya ya rage mini. Kawu ya ce idan ruwa yana dukan laima, wani kiɗa take yi da ba a jin irinsa ko'ina. Duk garin kowa na jiran ruwa don ya ci tuwo, ni ina jiransa don in ji wannan kiɗa.

A rana ta tara, bayan azahar, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta taso da ƙanshin ƙasa. Gari duka ya fita gona, maza da sungumi, mata da ƙoren iri. Kaka ta cire kallabi ta ɗaga fuska sama. Ni ina kan wani dutse a gefen gonarmu. Ɗigo ɗaya ya sauka a kan hancina, na rantse, har yau ina iya nuna wurin. Sai na yi wa laima abin da aka ƙera ta dominsa. Fat!

Ban san me ya shiga tsakanin iska da hadari ba, ba ni aka ba ajiyarsu ba. Abin da na sani shi ne hadarin ya karkata, ya bi ta arewa da mu, ya wuce. Washegari fatake suka ce an kwana ana ruwa can wajen garin Takanamat. A ranar kuwa, hadari na wucewa mutanen gonaki bakwai suka juyo, ba abin da ke ja a duk faɗin fakon nan sai ni.

Bayan la'asar aka zauna shari'a a tsakar gida, ba lauya, ba a ko ba wanda ake tuhuma tabarma ba. Kaka ta ce, "Na hwaɗi, an ce tsuhwa ce ke damuna." Kawu ya ce wannan duhun kai ne. Baba ya ce masa a gidan wani ba a kiran uwar mai gida da duhun kai. Inna ta fashe da kuka, na ɗauka don ni ne, ashe don ƙanenta ne. Daga ƙarshe Baba ya fito da hukuncin da har yau nake mamakin wayonsa: ba za a mayar da kyauta ba, ba za a jefar ba, za a bar ta ta amfani gida. Ya ɗauko wuƙa. Tsinkayen ƙarfen suka zama basilla ta ɗinkin buhu da ɗaurin ƙwarya, har maƙwabta suka samu. Sandar mai lanƙwasa, wa ya ɗauke ta? Kaka! Ita da ta ce abin mugun abu ne, da ita ta riƙa janyo reshen magarya har ƙarshen ranta. Jan ƙyallen kuwa Inna ta yi mini maho da shi a bayan wando, agwagi uku a jere. A can ba wanda ya ji mini tsoron aradu. Baba ya dafa kaina ya ce, "Kak ka yi kuka, har yanzu taka ta." Ban taɓa jin zalunci da lallashi sun haɗu a magana ɗaya kamar ranar ba.

Kwana uku bayan haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shi ke nan, ƙofar ɗaukaka ƙara ta rufe. Na bi bayan Baba ina jefa iri ina rufewa da diddige, ruwa yana dukan ƙeyata, agwagina sun jiƙe sharkaf. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni an ce kora na yi, kuma ni ya doka. Kawu bai sake cin tuwo akushi ɗaya da Baba ba har ya koma Abijan, kuma daga ranar tsarabata ba ta wuce sabulu ba.

Yanzu ina zaune a Tawa, gidan ɗana. Jikata Nana, amaryata 'yar shekara huɗu, tana da motar roba mai waƙa, kuma idan ta yi kuka waya ake miƙa mata ta yini tana kallo, ba wanda ya kira zaman shari'a. Bara da damina ta kusa, na hau kabu-kabu na je kasuwa na nemo mata 'yar jar laima. Ba agwagi, kifaye ne, amma na haƙura. Uwarta, ma'aikaciyar asibiti, ta durƙusa ta yi godiya, sannan ta ce, "Baba, tsinken nan zai iya tsone mata ido, bari a ajiye har ta girma." Ta ɗora a kan kabad. Alƙalai sun canja, kotun tana nan yadda na bar ta.

Da ruwan fari ya zo, da hantsi, duk sun tafi aiki. Na sa sandata na janyo laimar, na kira amarya muka fita tsakar gida. Fat! Ta dube ta sau ɗaya, ta ture hannuna, ta ruga cikin ruwa da kai tsirara tana tsalle, sai ka ce Kaka Shatu ce ta aiko ta. Aka bar ni tsaye, laima ta rufe hula kawai, kafaɗu suna sha. Na ji kiɗan. Kawu bai yi ƙarya ba, yana da daɗi, ko da yake bai kai jiran shekara sittin ba. Na tsaya har aka ɗauke, laima a buɗe, ja wur, hadari ko gezau bai yi ba. Ga shaida ta fito fili, na waiga in nuna.

Na ci shari'ata, sai dai duk waɗanda zan ce wa "kun gani?" sun riga ni tashi daga kotun.