Rodin da na yanke

Na daɗe ina zuba kankare a garin Garwa kafin a nuna min gini a cikin kwamfuta. Wata injiniya ce ta zo da shi, sa'ar 'yata ta fari. Aikin gidan wani dattijo ne ɗan kasuwa, wanda ya baro garin Mora da iyalinsa lokacin da hare-hare suka yi ƙamari. Babban ɗansa ya tsaya tsaron shago, tun daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Kowa a shantiye, wato wurin ginin, ya san da wannan, ba mai ta da maganar.

Ranar farko kallon banza na yi wa abin. Ni da na san kwaɓi da idona, yarinya za ta juya min gida da ɗan yatsa? Sai ta ce, "Baba, matso ka gani." Ta cire bango a allon kwamfutar, ga rodi a jere kamar haƙarƙari. Ta nuna min inda bututun ruwa zai ci karo da ginshiƙi, abin da a da sai mun zuba mun gane, mu ɗauko guduma muna zagin juna. Ta faɗi yawan simintin da za a ɗauko daga masana'antar Figil, aka ɗauko, bai gaza ba. Kunya ta kama ni. Daga ranar na zama ɗan gani-kashe-nin kwamfuta, har kafintanmu yana tsokanata wai na yi sabuwar malama.

Mu a nan, in an zuba rufin kankare, wanda muke kira dal, ana barin rodi tsaye a kan kowane ginshiƙi. Ba a tambayar mai gida. Ko bai ce komai ba, an san wata rana zai ɗora bene. To shi dattijon da injiniya ta tambaye shi, ya ce gidan ƙasa yake so, haka ta zana. A kwamfuta rufin a shafe yake sumul. Hannuna ya yi nauyi da na ɗauki abin yanka, ban manta ba. Amma na ce wa kaina zamanin aiki da ka ya wuce, na bi ginshiƙan na datse su duka, muka zuba.

Bayan kwana biyu dattijon ya hau tsani da ƙyar yana haki, mu muna yayyafa wa dal ruwa. Ya duba gabas, ya duba yamma.

"Malam, ina rodin?"

Na fara yi masa bayanin zane. Bai bari na ƙarasa ba.

"Wa ya ce maka ba zai dawo ba?"

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni. A lokacin na gane saman na ɗansa ne, kuma bai faɗa wa injiniya ba don ya ɗauka magini ba ya buƙatar a faɗa masa. Na ji haushin kaina sosai, domin ita abin da aka gaya mata ta zana, ni ne na san al'ada na take ta.

Injiniya ta zauna a inuwar darbejiya, ta ɗora bene a kwamfuta, ta duba, ta ce ginshiƙan za su ɗauka. Ta juya masa allon. Ya daɗe yana kallon ɗakunan, sannan ya nuna ɗaya ya ce a sa masa taga ta wajen arewa, ɓangaren Mora. Muka fasa kawunan ginshiƙan, muka ɗaura sabon rodi.

Har yau ba a ɗora benen ba. Duk shekara kafin damina yakan aiko a kira ni in shafa wa rodin ruwan siminti saboda tsatsa. Ban taɓa tambayarsa ko an sami labari ba. Hawa nake yi in shafa.