Wutar Masara a Ɗakin Kaka Saratu

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da Sista Rahila ta aike ni gidan su Ɗanjuma. A tsakiyar shekarun 1980 ne, zamanin soja, ina sabuwar mataimakiyar nas a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a Kamazou. Ku yaran yanzu ba za ku gane Kamazou ɗin da nake faɗa ba. Ƙauye ne sosai, gonaki ko'ina. Daga gidanmu a Makera sai in hau bas zuwa Sabon Tasha, sauran kuwa ƙafata ce, sai in Allah ya jefo mini akori-kura.

Sista Rahila ce shugabarmu. Ita ke duba marar lafiya ta rubuta magani, ni kuma awon jarirai, allura, da ziyarar gida. Ziyarar gida ita ce a bi marar lafiya har inda yake kwana, a ga ko ana yin abin da aka ce. Yawancinmu ba ma son ta, balle da damina, ga taɓo har gwiwa.

Ɗanjuma jariri ne, bai fi wata huɗu ba. Uwarsa Laraba, ubansa Istifanus yana aiki a masaƙa a Kakuri. Tari ya kawo shi, ƙirji na ƙugi. Aka ba shi magani ya samu sauƙi, ba a daɗe ba ya dawo. Da abin ya tsananta muka tura su babban asibiti a cikin gari, aka kwantar da shi, aka ce nimoniya ce, wato abin da mutane ke kira sanyin haƙarƙari. Ya warware sarai aka sallame su. Amma likitan ya gaya wa Sista gaskiya, ya ce in ciwon ya sake kama yaron nan da irin wancan ƙarfin, da wuya ya tashi.

To, sai ga Laraba wata safiya a watan Satumba, yaro a baya, tarin ya soma dawowa. Sista ta hau ta da faɗa.

"Laraba, ba na ce ki kiyaye shi da sanyi ba? Ba na ce a riƙa ɗumama shi ba?"

"Wallahi Sista muna yi," in ji ta, hawaye na zuba.

Bayan ta fita Sista ta ce da ni, "Binta, yarinyar nan ba ta ba shi magani. Bi ta gida ki gano mini."

Na tafi da rana, bayan an ɗauke ruwa. Raina a ɓace yake, don ni ma na yarda sakaci ne. Ina shiga na ce a kawo kwalbar magani. Na ɗaga ta na duba, ta ragu daidai inda ya kamata. Na ce to, ina yaron yake kwana? Laraba ta nuna mini ɗakin surukarta, Kaka Saratu, wani zagayayyen ɗakin jinka. Tun da ta haihu a nan take, don a gidansu mai jego wajen uwar miji take zama. Ɗakin Istifanus na kwano ne, sun ce ya cika sanyi.

Na sunkuya na shiga. Kai! Idona ya hau yaji nan take. Da na ɗaga kai sai na ga masara, jere-jere, an ɗaure ta da ɓawonta an rataye a saman ɗakin, ta yi baƙi-baƙi. A tsakiyar ɗaki ga murhu da garwashi, ga jiƙaƙƙen itace a gefe. Dabararsu ce ta manoma, kuma dabara ce mai kyau: masarar farko ana karya ta ne ruwa bai ɗauke ba, in ba a rataye ta kan hayaƙi ba sai ta yi fumfuna, ƙwari su cinye. Irin da za a shuka baɗi ma a cikinta yake. Ita kuwa 'yar tagar ɗakin an cusa mata tsummoki, ko iska ba ta shiga.

"Mama," na ce, "hayaƙin nan ne ke cin ƙirjin yaron nan!"

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. Gajeriya ce, amma muryarta ta fi ta girma.

"Wane hayaƙi, 'yata? Kin ga hayaƙi a nan? Wutar ma ta kwanta tun safe."

Gaskiyarta kuwa, babu hayaƙin da ido zai nuna. Na yi bayani, na sake yi, har na soma ɗaga murya, kun san halina. Ta ce ita a irin ɗakin nan aka haife ta, a irinsa ta yi renon Istifanus, ga shi nan ƙato yana juya inji a Kakuri. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ku ne fa kuka ce a ɗumama shi. Duk zuwan da Laraba ta yi, sai ta dawo ta ce likita ta ce sanyi ne. Ni kuwa sai in ƙara itace. Da ya dawo daga babban asibiti ma na toshe tagar. Da me zan ɗumama shi in ba wuta ba?"

Jama'a! Ashe matar nan umarnin asibiti take bi sau da ƙafa! Duk faɗan da ake wa Laraba, a murhun nan yake ƙarewa.

Ina nan tsaye, sai rana ta fito daga bayan hadari. Akwai wata 'yar ɓula a jinkar, haske ya ratso ta nan kamar sanda, ya sauka daidai kan tabarmar da Ɗanjuma ke kwance. Wallahi sai da na yi ihu.

"Mama, taso! Taso ki gani! Laraba, zo!"

A cikin hasken nan, abu ne cunkus yana yawo, shuɗi-shuɗi, ya fi garin tuwo laushi, yana murɗawa yana sauka kan fuskar yaron. Duk numfashin da ya ja, sai ka ga abin ya karkata ya nufi hancinsa. Na ce, "Kin gani? Wannan ma manyan ne. Ƙananan ido ba ya kama su, su ne ke wucewa can cikin huhu su zauna. Ƙirjinsa bai kai tafin hannunki ba, Mama, ga abin da yake sha dare da rana."

Ta matso ta sa hannu cikin hasken, ta juya shi, ta cire, ta sake sawa. Can ta ce, a hankali, "In na kashe wutar, masarar ta lalace. Me za mu shuka?"

Na ce, "Mama, wa ya ce ki kashe? Bar masara da wutarta. Yaron za a fitar."

Tabɗi! Ban taɓa ganin tsohuwa ta miƙe da sauri haka ba. Ta sunkuci Ɗanjuma ta yi waje, ta danƙa mini shi, ta nufi ɗakin ɗanta. Kafin in ankara ta soma fito da kayan Istifanus tsakar gida, takalma, rediyo, rigunan aiki, tana ƙwala wa maƙwabta kira su zo su kama katifa. Mata suka cika gidan, ana dariya ana shara. Wata ta kawo hular ulu, wata ta kawo bargo, na nuna musu yadda za a naɗe shi ya ji ɗumi ba tare da wuta ba. Ni da na zo faɗa, sai ga ni da tsintsiya, farar rigata ta yi kaca-kaca, ina ta washe baki.

Ana cikin haka Istifanus ya dawo daga aiki a kan kekensa, ya tarar da kayansa a waje.

"Mama, lafiya? Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Ka koma ɗakin ƙanenka. Ɗanka ya karɓi ɗaki."

Kafin in tafi na ce mata ita ma huhu gare ta, tarin da take yi ba na tsufa ba ne kawai. Ta harare ni, amma da hannunta ta zare tsummokin tagar. Daga baya Istifanus ya kafa mata rumfa a waje, aka mai da masarar can.

Washegari na ba Sista labari, ina yi ina haki don zumuɗi. Da na gama ta ce, "Daga yau duk wadda muka ce ta ɗumama yaro, sai mun tambaye ta da me." Haka kuwa aka yi har na bar wurin.

Tarin Ɗanjuma ya lafa, bai sake komawa babban asibiti ba. Ranar awo ta gaba Kaka Saratu ce da kanta ta goyo shi. Na ɗora shi a sikeli, ya ƙaru, ya kuwa tsala kukan da ya cika asibitin, har Sista ta leƙo. Na ji daɗin kukan nan har cikin raina.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu tasowa. Mutanenmu ba ƙin jin magana suke ba. Sau da yawa ji suke fiye da kima, su aikata da abin da ke hannunsu, kuma ba za ka san mene ne a hannun nasu ba sai ka sunkuya ka shiga ɗakin. A ranar awon nan, ina cikin rubuta nauyin Ɗanjuma, na jiyo muryar tsohuwar a layi tana tsare wata mai jego da ɗanta ke tari.

"Ke, a ina yake kwana? Akwai wuta a ɗakin? Tashi mu je in gani."