Kunnen Uwar Fayil

Shekara sha tara teburina na kusa da nata a ofishin karɓar koke na kamfanin ruwa. Uwar Fayil muke ce mata, don ko takardar da ɓera ya ci rabinta ka tambaya, za ta faɗa maka durowar da take ciki. Aikinta shi ne karanta wasiƙun jama'a da rahoton injiniyoyi, ta taƙaita wa manya. Ana haka hawan jinin ido ya kama ta. Cikin shekara biyu ko ni ba ta gane ni sai na yi magana, alhali ni ba ƙaramar mace ba ce.

Ba ta taɓa kuka a gabanmu ba. Ni ce na yi mata, ta ce in rufe mata baki. Ta sa aka saita mata waya mai karanta rubutu da murya: ta ɗauki hoton takarda, waya ta karanto mata a kunne. Duk mako sai ta ƙara wa muryar sauri, kai ya yi ciwo, ta sha magani, ta ci gaba. Bayan wata takwas, in ka ari abin kunnen nata ba abin da za ka ji sai surutun tsuntsaye. Ita kuwa ko waƙafi ba ya wuce ta.

Mijinta, bawan Allah, ya taɓa sayo mata wani sauti mai zuuu, wai yana daidaita igiyoyin ƙwaƙwalwa, karatu ya riƙa shiga kamar ruwa. Kwana biyu ta saurara ta ce, "Malam, ƙwaƙwalwata ba rediyo ba ce da za a murɗo mata tasha. Barci kawai yake sa ni."

Sai aka kawo mana sabon manaja, mai tabarau da ɗan karen son tsari. Satinsa uku ya fito da ambulan a hannu, ya tsaya a kanta. Duk mun san takardar sallama ce.

"Malama, ba ƙin ki nake ba," in ji shi. "Amma sauraro daban, karatu daban. Gani ya kori ji."

"Yallabai, wanda ya yi karin maganar nan bai san ni ba. Ga rahoton da ya shigo yau, shafi arba'in. Kai da ido, ni da kunne."

Kunyar idonmu ta hana shi ƙi. Ta ɗauki hoton shafukan, ta miƙa masa rahoton, suka fara tare. Yana shafi na sha biyu ta cire abin kunne.

"Shafi na tara ya ce bututun inci shida ne, na talatin da uku ya ce huɗu. In aka yi aiki da wannan, unguwa guda ba za ta ga ruwa ba."

Ya duba, haka ne. Na so in rangaɗa guɗa. Amma mutumin nan, don taurin kai, sai ya tura mata ambulan ɗin, wai an riga an buga.

Ta buɗe, ta lalubi gefen takardar, ta ɗauki hoto. Ta zare abin kunnen daga jikin wayar, ta ƙure ƙara, ta mayar da saurin muryar can ƙasa, tafiyar hawainiya.

"Wannan kam a hankali za mu ji ta, mu duka."

Wayar ta fara jan kalma ɗai-ɗai: "Saboda... ba... ta... iya... karanta... takardun... ofis..." Har masinja ya leƙo daga ƙofa. Manaja ya kai hannu ya fizge takardar, amma muryar ba ta tsaya ba.

"Bari ta kai ƙarshe, Yallabai. Ina son in ji sunan wanda ya sa hannu."

Bai tsaya ya ji ba. Ya ninke takardar huɗu, ya cusa a aljihu, ya shige ofishinsa ya rufo ƙofa. Ita kuma ta juyo wajena ta ce, "Ke kuma kin saki baki. Miƙo min na gaba."