Akori-kurar Yaya

Jama'a, ku ji abin da na gani yau a ƙofar gidan marigayi Yaya!

Bakanike daga Kudan ya gama haɗa injin tsohuwar akori-kurar Yaya. Kafireta daga Kwatano, fistin na wata mota daban. Ko a Kumasi ban ga irin wannan haɗin ba. In ta ƙi tashi yau, sai 'yan gwangwan.

Bakaniken ya murza makulli. Shiru! Ya sake. Shiru!

Matar Yaya ta leƙo daga zaure, ta dube ni. "Alhaji, duk yawon duniyarka ba ka sani ba? Marigayi Malam sau uku yake taka totur, ya jira."

Aka taka, aka jira, aka murza. Motar ta yi tari, ta tashi!

Matar Yaya ta rufe fuska da mayafi. "Muryar ta canja," ta ce, "amma tarin nata ne."