Haki a Tsakiyar Matakala

Akwai wani mai gyaran keke da tun yana yaro yake fama da ciwon zuciya: murfin da ke tare jini a cikinta ba ya rufuwa sosai. In zai hau bene wurin mahaifiyarsa, dole ya tsaya a tsakiyar matakala yana haki. Tsohuwa ta makance, ga ruɗewar tsufa, amma da ta ji hakin nan sai ta ce, "Auta, ka iso? Bi a hankali, ba korar ka ake ba."

Bana likitoci suka gyara murfin ta wata 'yar kafa a gefen ƙirji, ko tsawon yatsa ba ta kai ba. Da ya warke, sai ya haye benen a guje, baki har kunne.

"Inna, ni ne!"

Ta ja mayafi ta takure. "Fita, bawan Allah. Ɗana ba haka yake hawa ba."

Ya rantse, ya ɗora hannunta a kan tabon, duk a banza.

Yanzu kullum da yamma, mutum da furfurarsa da lafiyarsa, yakan tsaya a tsakiyar matakala yana hakin ƙarya, har sai ya ji ta ce, "Auta, ka iso?"