Katin da Madam Insaf Ta Mayar

Shekara talatin da ɗaya Madam Insaf Bassiouni tana hawa taragon cikin gari na ƙarfe bakwai na safe zuwa ofishin kare haƙƙin masu saye a Iskandariyya. Takan ci burodi da wake a kan teburinta, sannan ta buɗe koke-koken jama'a, wanda ya fara zuwa shi ne a sama. A watan nan take ritaya.

Ustaz Wagdi, sakataren kulob ɗinmu na bakin teku, shi ya ba ni labarin nan, kansa a sunkuye.

Amininsa Sabri ya rasu. Ba a yi sadakar arba'in ba kulob ya soke katin matarsa, Hajja Feryal, wai ƙa'idarsu ta ce katin iyali na maigida ne. Shekara ashirin da shida tana zama da ƙawayenta a inuwar kulob ɗin, ba ta da wata majalisa. Wagdi ne ya sa hannu a takardar. Ran da mai gadi ya tare ta a ƙofa, mambobi suna kallo, kowa ya mai da ido kan shayinsa.

Hajja ta kai ƙara. Insaf ta karanta yarjejeniyar, ta rubuta cewa sharaɗin zalunci ne, doka ba ta san shi ba: a mayar da katin cikin kwana bakwai, ko tara ta hau kulob, magana ta tafi kotu.

Kulob ya yi abin da ya saba yi wa ma'aikatan gwamnati. Aka aiko Wagdi da kwalin kayan zaƙi na basbusa, da katin girmamawa a ciki, shiga kyauta har abada.

"'Yar tsaraba ce, ranki ya daɗe."

Ta juya katin. "Har abada, Ustaz? In na mutu fa, mijina zai shiga, ko shi ma mai gadi zai tare shi?"

Ta tura masa kwalin da katin.

"Ɗauki abinka. Zaƙin ma likita ya hana ni."

A rana ta takwas Insaf ta zo kulob ɗin da kanta, takarda a hannu, ta tsaya a ƙofa cikin rana har Hajja Feryal ta wuce ciki. Aka kawo wa Insaf kujera, ta ƙi zama.

Madam Insaf, ke ce ma'auni mai ƙin ɗan yatsa. Ba ki san Sabri ba, ba ki taɓa cin abincinsa ba, amma ke kika tsaya wa matarsa. Mu da muka cika zauren makokinsa ba mu ce uffan ba.

Mun gode, Allah ya saka. Ga masu zama a kujerarki gobe, da mu mambobi: in an tare wani a ƙofa, a ajiye kofin shayi a miƙe.

Wagdi ya ce Hajja Feryal tana gaishe shi kullum, har ta tambayi yaransa. Ya ce da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi.